BABI NA HUƊU: SARRAFA TSOHON KWANSON HARSASHI A WAJEN MAHARBA, DAGA ƘASASHEN TURAWA ZUWA DUTSIN-MA DA KURFI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo bayanin makaman farauta na gargajiya da ake samu a ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, irin su kwari da baka da gora da tarko da kuma bindigar toka. A wannan babi za a mayar da hankali ne a kan harsashi, musamman kwansonsa, wato ɓawon da ke ragewa bayan an yi harbi. Dalilin da ya sa aka ware masa babi guda shi ne, kusan a ko'ina cikin duniya maharbi ba ya ɗaukar wannan ɓawo a matsayin shara. A Amurka da Ingila da Ostareliya an gina sana'a sukutum a kan ɗaukar kwanson tsohon harsashin farauta ko na soja a sauya masa siffa ya zama wani sabon harsashi. A wannan yanki namu ma akwai maharban da ke tsince kwanso su sake cika shi. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, buƙatar da ta haifar da ayyukan biyu iri ɗaya ce, amma a can harsashin ake gyarawa sannan a sa bindiga ta bi shi bisa awo, a nan kuwa harsashin kasuwa ne ke tsaye yadda yake, maƙeri ya ƙera bindiga a kansa ba tare da hanyar auna ƙarfinta ba. Ba a kawo bayanin yadda ake haɗa harsashi ba, domin dokar ƙasa ta hana yin haka, kuma ba ya cikin manufar wannan bincike.

4.1 Harsashi da Sassansa

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage sun nuna hanyar da makamin ya biyo kafin ya iso gare shi. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci aka aro su, kuma asalin kalmar harsashi a Larabci tana nufin dalma ne. A maganar yau da kullum akan gwama harsashi da albarushi, har a ji an ce an kama mutum da alburusai hamsin alhali harsasai ake nufi. A wannan aiki an bambanta su. Albarushi shi ne garin da ke kamawa da wuta, harsashi kuwa shi ne ƙunshin gaba ɗaya.

Harsashin zamani abu huɗu ya ƙunsa. Akwai kwanso, akwai albarushin da ke cikinsa, akwai ƙwayar da ke fita ta sami abin da aka harba, sannan akwai wani ɗan ƙarfe a gindin kwanson wanda ke tayar da wuta idan allurar bindiga ta buge shi. Wannan na ƙarshe za a riƙa kiransa ƙyastu, domin aikin ƙyastu yake yi. Daga cikin huɗun nan uku suna ƙarewa da harbi ɗaya. Kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi tsada da wuyar ƙerawa. Ana yin kwanson raiful da tagulla, wadda aka haɗa daga jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 cikin ɗari. An zaɓi tagulla ne saboda wata ɗabi'a tata: idan albarushi ya kama sai ta kumbura ta manne wa jikin mazaunin harsashi ta toshe duk wata kafa da hayaƙi mai zafi zai biyo baya zuwa fuskar maharbi, da ƙarfin ya sauka kuma sai ta ɗan tsuke yadda za a iya zare ta. Wannan laushi nata shi ne tushen duk abin da za a tattauna a gaba.

Kwanson raiful yana kama da ɗan tulu, kuma sunayen sassansa ba su bambanta da na tulu ba: gindi, jiki, kafaɗa, wuya da baki. A wuyan ne ƙwaya ke zama. Raiful kuwa ita ce bindigar da aka yi wa tsagi a murɗe a cikin bututunta domin ƙwaya ɗaya ta fita tana juyawa ta tafi nesa ba ta kauce ba. Ta bambanta da bindiga mai watsa ƙwayoyi, wadda cikin bututunta sumul yake, kuma ita ce aka fi sani a hannun maharban ƙasar Katsina.

4.2 Gyararren Harsashi a Ƙasashen Turawa

Amurkawa suna kiran irin wannan harsashi da sunan kyanwar daji, wato abin da bai shiga gida ba, ba kuma wani kamfani da ke da iko da shi. A nan za a kira shi gyararren harsashi. Ma'anarsa ita ce harsashin da wani maƙerin bindiga ko maharbi ya tsara da kansa, babu masana'antar da ke yin sa, babu kantin da ke sayar da shi. Tun da yake ƙera kwanso daga farko aiki ne na manyan injuna, sai mai tsarawar ya nemi wani kwanso da yake da yawa a kasuwa ya mayar da shi uwa. Yakan tsuke wuyansa domin ya riƙe ƙaramar ƙwaya, ko ya buɗa shi domin babba, ko ya rage tsawonsa, ko ya faɗaɗa jikin ya miƙar da kafaɗa domin ya ɗauki ƙarin albarushi. Daga nan sai a sake sassaƙe mazaunin harsashi na bindigar, ko a sa mata sabon bututu, daidai da sabuwar siffar. Gindin kwanso ne kawai ba a cika taɓawa ba, domin shi ne sakatar bindiga ke kamawa. Muddin gindi bai canza ba, tsohuwar bindiga za ta karɓi sabon harsashi da ɗan gyara kaɗan.

Uwar da ta fi kowace yawan 'ya'ya ita ce .30-06, harsashin da sojan Amurka ya ɗauka a 1906. Sunan kansa bayani ne: lambar farko kaurin ƙwaya ce, kusan kashi 30 cikin ɗari na inci, ta biyu kuma shekarar da aka fara amfani da shi. Tsawon kwansonsa milimita 63 ne. Bayan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kwansonsa ya cika kasuwa har ya zama abin da ake saye da araha. A wajen 1920 maƙerin bindiga A. O. Niedner ya tsuke wuyansa ya samar da .25-06 domin harbin barewa da makamantanta daga nesa. Wannan harsashi ya shafe kusan shekara hamsin a hannun masu gyara kafin kamfanin Remington ya fara yin sa a 1969. A 1922 kuma aka bi ta ɗaya ɓangaren, aka buɗa wuyan aka samu .35 Whelen, wanda aka sa wa sunan Kanar Townsend Whelen, domin manyan namun daji. Shi ma sai a 1988 Remington ta karɓe shi. Ke nan uwa ɗaya ta haifi ɗa mai saurin gudu da ɗa mai nauyin bugu, kuma kowannensu ya daɗe a waje kafin a ba shi masauki a masana'anta.

Haka abin ya kasance da 7×57 na kamfanin Mauser na Jamus, wanda ya fito a 1892. Ned Roberts ya tsuke wuyansa a shekarun 1920, aka samu .257 Roberts da Remington ta fara sayarwa a 1934. Shi kuwa .250-3000 na kamfanin Savage, wanda Charles Newton ya tsara ya fito a 1915, an sa masa wannan suna ne saboda ƙwayarsa na gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa ɗaya. A 1937 aka tsuke shi ya zama .22-250, mai gudun da ya zarce ƙafa 3,600 a daƙiƙa, domin kashe ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gonaki. Ya shiga masana'anta a 1965.

Afirka ma tana da hannu a wannan tarihi, duk da cewa ba a cikinta aka yi aikin ba. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 domin Turawa masu zuwa farautar giwa da ɓauna da zaki. A kan dangin wannan kwanso Roy Weatherby ya gina harsasansa a shekarun 1940. Haka kuma wani Ba'amurke, Jack Lott, wanda ɓauna ta raunata a Mozambik a 1959 bayan harsashin da ya harbe ta da shi bai kayar da ita ba, ya koma gida ya tsara .458 Lott a 1971 a kan kwanson .375 ɗin. Wannan misali yana da amfani domin ya nuna cewa ba koyaushe ne sha'awa ko neman suna ke kai mutum ga gyaran harsashi ba.

Misalai biyu ne suka fi kusa da halin da maharbin ƙasar Hausa yake ciki, don haka za a ɗan tsaya a kansu. Na farko na rashi ne. Sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun zo da bindigogin Mauser na Jamus a matsayin ganima, amma harsashinsu, wato 8×57, yana da wuyar samu a Amurka a lokacin. Ga bindiga mai kyau, ba abin da za a sa mata. Sai maƙera suka zurfafa mazaunin harsashin ya karɓi kwanson .30-06 wanda aka buɗa wa wuya, aka samu abin da ake kira 8mm-06. Na biyu na doka ne. A Ostareliya bindigar Lee-Enfield ta sojan Ingila, mai cin harsashin .303, ta yi yawa bayan yaƙin, amma a jihar New South Wales doka ta taƙaita wa farar hula mallakar bindiga mai awon soja. Sai aka tsuke wuyan kwanson, aka sauya bututu, aka samu .303/25 da 'yan uwansa, waɗanda manoma da maharba suka yi ta amfani da su shekara da shekaru. Bindigar ita ce dai, kwanson shi ne dai, amma a idon doka ta tashi daga makamin yaƙi ta koma ta farauta.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan sana'a shi ne P. O. Ackley, wanda ya rasu a 1989. Shi ya yaɗa salon faɗaɗa jikin kwanso da miƙar da kafaɗa zuwa digiri 40, ya kuma wallafa littafi a kan batun a shekarun 1960. A ra'ayin wannan bincike, ba duk gyararren harsashi ne ya cancanci yabon da masu shi ke yi masa ba. Da yawansu ƙarin gudun da suka kawo bai taka kara ya karya ba, ga saurin cinye bututu saboda yawan albarushi a ƙaramar kafa, ga kuma matsalar cewa duk wanda ya gaji irin wannan bindiga ba zai sami harsashinta a kanti ba. Ɗaruruwa aka tsara, 'yan kaɗan ne suka rayu.

4.3 Matsayin Awo

Abin da ya raba wannan sana'a da ganganci shi ne awo. A lokacin da harsashin .30-06 ya tashi, ƙarfin da ke tunkuɗar bangon mazauninsa yakan kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Na bindiga mai watsa ƙwayoyi mai lamba 12 kuwa iyakarsa fam 11,500 ne. Waɗannan iyakoki ƙungiyoyi ne suka tsayar da su: SAAMI ta Amurka da aka kafa a 1926, da CIP ta ƙasashen Turai da aka kafa a 1914. Tun kafin su ma, Ingila tana da gidajen gwajin bindiga, kamar na Birmingham wanda aka kafa a 1813, inda ake ɗura wa sabon bututu abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum a harba shi a killataccen wuri. Idan ya jure sai a buga masa hatimi, idan ya fashe to a ɗakin gwaji ya fashe, ba a hannun mutum ba.

Mai gyararren harsashi yana wajen wannan tsari, amma ba ya nesa da shi. Bindigar da yake gyarawa ta masana'anta ce da aka san ƙarfin ƙarfenta, albarushinsa na kamfani ne mai suna da lamba, yana da ma'auni mai gane ƙasa da nauyin ƙwayar gero, yana kuma da littattafan da aka tattara sakamakon gwaje-gwaje. Duk da haka akan sami haɗari. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a riƙe tun daga nan. Baƙin albarushi na da, mai yawan hayaƙi, da albarushi marar hayaƙi wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ba abu ɗaya ba ne. Na biyun ya ninka na farkon ƙarfi, kuma bututun da aka yi domin na farko ba ya jure masa.

4.4 Sake Cika Kwanso a Tarihin Afirka ta Yamma

Sake cika kwanso ba baƙon abu ba ne a wannan nahiya. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu, ta bar musu bindigar toka da baƙin albarushi. Sarakunan da suka riga suka mallaki bindigogi masu cin harsashi sai suka shiga irin halin da sojojin Amurka masu ganimar Mauser suka shiga daga baya. Samori Ture, a yankin Gini da Mali na yau, ya tara maƙera waɗanda suka riƙa kwaikwayon bindigogin Faransa suna kuma sake cika kwanson da aka tsinto daga fagen fama. Rabeh ma, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, yana da masu gyaran bindiga da haɗa albarushi. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an ƙera igwa a Zinder tun kafin wannan lokaci. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta fara yawa a rundunonin masarautun daular. Lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato suka shiga Katsina a 1903, doki da mashi da kwari da baka ne har yanzu ginshiƙin yaƙi, kuma .303 ɗin nan da aka ambata shi ne harsashin sojan Ingila a wancan zamani.

4.5 Halin da Ake Ciki a Dutsin-Ma da Kurfi

Garin Dutsin-Ma, mazaunin 'Yandakan Katsina, yana kudu da birnin Katsina, kuma hanyar da ta haɗa su ta ratsa Kurfi, mazaunin Maraɗin Katsina. Labarin baka ya danganta sunan Dutsin-Ma da wani maharbi mai suna Ma wanda ya zauna a kan dutsen da ke garin, don haka farauta tana cikin asalin wurin. Daga yamma akwai dajin Rugu ta ɓangaren Safana da Batsari, daga kudu kuma akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa. Abin da maharbin wannan yanki yake nema a yau bai wuce zomo da zabon daji da fakara da kurege da gafiya ba, sai tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya a bakin dam, sai kuma gada idan an yi sa'a. Manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai saboda noma da saran itace da yawan jama'a.

Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa gyararren harsashin raiful bai sami gindin zama ba a nan. An tsara shi ne domin dabbar da ke tsaye a nisan mita 300, ko wadda nauyinta ya kai na sa. Zabon da ya tashi fir daga cikin sabara a nisan taku talatin ba ya buƙatar ƙwaya ɗaya mai gudu, yana buƙatar ƙwayoyi masu yawa da za su bazu. Saboda haka harsashin da ya mamaye yankin shi ne mai lamba 12. Lambar ta samo asali ne daga tsohon awon Ingila: idan aka raba fam ɗaya na dalma gida 12 aka mulmula kowane kashi, to faɗin wannan ƙwallo shi ne faɗin bututun, wato kimanin milimita 18 da rabi. Kwansonsa da takarda ake yi a da, daga 1960 aka koma roba, gindin ne kawai na ƙarfe.

A nan ne aikin maƙeri ya shigo. Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko baushe, wasu kuma su ce mata harba-ka-ruga saboda jinkirin sake ɗura ta, ba ta buƙatar kwanso ko kaɗan. Ta baki ake zuba mata albarushi da ƙwayoyi a danna. Da harsashi mai lamba 12 ya yawaita a kasuwa, sai maƙera a sassa da dama na Nijeriya suka fara ƙera bindiga mai karyewa a tsakiya wadda za ta karɓe shi. Rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta fitar a 2018 a kan ƙera makamai da hannu a Nijeriya ya tabbatar da yaɗuwar wannan sana'a. Idan aka lura za a ga tsarin ya juya. Ackley da Niedner suna da tabbatacciyar bindiga, harsashi suke wasa da shi. Maƙerin ƙauye yana da tabbataccen harsashi, bindigar ce abin gwaji. Harsashin an yi shi ne da albarushi marar hayaƙi domin bututun da ya ci jarrabawar gidan gwaji, amma sai ya tashi a cikin bututun da aka samo daga tarkacen ƙarfe, wanda ba wanda ya san iyakar abin da zai ɗauka.

Mataki na biyu shi ne sake cika kwanson. Harsashi yana da tsada, kuma samunsa ta halattacciyar hanya yana buƙatar lasisi, don haka wasu maharba ba sa yar da kwanson da suka harba. Sukan mayar masa da baƙin albarushi na gida da duk abin da ya samu na ƙwayoyi. Ta fuskar tunani wannan shi ne ɗan uwan gyararren harsashi na kusa a ƙasar Hausa: tsohon kwanso, sabon ciki, bisa buƙatar mai shi. Amma matsalolinsa a fili suke. Kwanson roba ba tagulla ba ne, bakinsa yakan tsage bayan 'yan harbe-harbe. Albarushin gida ba ya zuwa da ƙarfi ɗaya, na yau daban na gobe daban, kuma da ido ko da tafin hannu ake kimanta shi. Guntayen baƙin ƙarfe sun fi dalma tauri, suna kankare cikin bututu, suna kuma iya cijewa a hanya. Ragowar baƙin albarushi tana jawo danshi ta haifar da tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani. Idan bututu ya fashe, hannun da ke tallafe da shi da idon da ke saiti su ne na farko a layi. Wanda ya narka dalma a tsakar gida kuma ya jawo wa yaransa wata cutar, kuma abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake daga haƙar zinariya ta fito, ya isa ya nuna illarta.

Akwai abin lura a al'adance. Maharbin gargajiya yakan danganta fashewar bindiga ko ƙin tashinta da sammu ko da ƙarfin asirin dabbar da aka nufa, shi ya sa akan ga layu da guraye a ɗaure a jikin kotar. Bai dace mai bincike ya yi wa wannan dariya ba, domin layar tana nuna cewa maharbin ya san makamin da ke hannunsa ba abin amincewa ba ne ɗari bisa ɗari. Ita ce ta tsaya masa a gurbin hatimin gidan gwaji.

4.6 Doka da Sha'anin Tsaro

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci raiful na soja masu awon milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindiga mai watsa ƙwayoyi da raiful na farauta waɗanda awonsu bai faɗa cikin na soja ba, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato dangin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da su. Za a ga cewa rabon da dokar ta yi bisa awon ƙwaya irin wanda ya haifar da .303/25 a Ostareliya ne. Abin da ya hana a sami irin wannan sakamako a Nijeriya shi ne, dokar ba ta tsaya a kan mallaka ba. Ta hana ƙerawa da harhaɗawa da gyaran bindiga da harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izini na musamman, kuma izinin ƙerawa da ake iya ba farar hula bai wuce na bindigar toka ba. Ƙera harsashi a hukumance aikin kamfanin DICON ne da aka kafa a Kaduna a 1964. Dokar soja mai lamba 5 ta 1984 kuma ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da makami ba bisa ƙa'ida ba. Ma'ana, maharbin da ya sake cika kwanso ɗaya domin zomo, a idon doka ya ƙera harsashi.

Tun daga shekarun 2010 zuwa yau, matsalar 'yan bindiga daga dajin Rugu ta sauya ma'anar wannan sana'a a Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu. Shiga daji domin farauta ya zama kasada, maharba da yawa kuma suka koma aikin sintiri da sa-kai. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya yi kira ga jama'a da su nemi makamai su kare kansu, sannan a watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. A ɗaya ɓangaren kuma gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, kuma tana lissafa bindigogi ƙirar gida cikin abin da ya kamata a tattara a lalata. Maƙeri da maharbi suna tsakanin waɗannan kiraye-kiraye guda biyu.

Ta fuskar fasaha kuwa tazarar ba ƙarama ba ce. Ɗan bindigar daji yana riƙe da AK-47 mai cin harsashin 7.62×39, wanda ke kisa a nisan mita 300, kuma gidan harsashinta yana ɗaukar guda 30. Harsashi mai lamba 12 da aka cika da ƙananan ƙwayoyi ƙarfinsa yakan ƙare ne a wajen mita 40, wanda aka sake cikawa a gida kuma ba lallai ne ya tashi a bugun farko ba. Wannan shi ne makamin da mai gadin ƙauye a yammacin Kurfi ko a gefen Zobe yake kwana da shi a kafaɗa, kuma mafi yawan lokaci ba shi da takardar da za ta kare shi idan jami'an tsaro suka same shi da shi a hanya.